Suwici mai linzami: na'urar da ke tsara zirga-zirgar bayanai a kamfanoni

A kowane banki ko asibiti ko otal ko ma'aikata da kwamfutoci ke musayar bayanai da juna, akan sami wani akwatin ƙarfe mai jerin ƙofofi da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa, wanda galibi ake ajiye shi a cikin kabad ko wani ɗan ɗaki da ba kowa ke shiga ba. Wannan akwati shi ake kira suwici, kuma ta cikinsa ne kusan dukkan bayanan da ake aikawa a cikin ginin suke ratsawa.

Iri biyu ne ake samu a kasuwa. Na farko da zarar an jona shi da wuta an soka masa wayoyi zai kama aiki, ba ya karɓar umarni daga kowa, kuma ba ya ba da labarin abin da ke gudana a cikinsa. Na biyun kuwa injiniya na iya shiga cikinsa ya shimfiɗa masa dokoki, ya rarraba masa aiki, ya kuma nemi rahoto daga gare shi. Wannan na biyun shi ne za a riƙa kira suwici mai linzami a cikin wannan bayani, saboda ana iya juya shi yadda ake so.

A ido kusan kamarsu ɗaya, amma mai linzami ya fi tsada, wani lokaci ma ninki-ba-ninki. Abin da kamfani ke saye da wannan ƙarin kuɗi shi ne ikon ganin abin da ke faruwa a hanyar sadarwarsa, da kuma ikon shata iyakoki a cikinta.

Asalin na'urar da yadda take aiki

Fasahar da ake haɗa kwamfutocin ofis da ita ta hanyar waya ana kiranta Ethernet. Robert Metcalfe da David Boggs ne suka ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka fara aikin a shekara ta 1973. A wancan zamani dukkan kwamfutocin ofis a kan waya guda suke tarayya, saboda haka idan biyu suka yi magana a lokaci ɗaya sai saƙonninsu su yi karo, kowace ta dakata kaɗan sannan ta sake gwadawa. Gudun wayar a farkon lamari bai kai megabit 3 a daƙiƙa guda ba.

Da kwamfutoci suka yawaita a ofisoshi, sai karon ma ya yawaita. Na'urar da aka fi haɗa su da ita a lokacin, wato hob, duk saƙon da ya shigo mata ta ƙofa ɗaya sai ta maimaita shi ta sauran ƙofofin baki ɗaya, ko da kuwa na kwamfuta guda ne. A shekara ta 1990 wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Kalpana ya fito da suwici mai ƙofofi 7, wanda ake ɗauka a matsayin na farko irinsa, kuma a shekara ta 1994 kamfanin Cisco ya saye Kalpana.

Abin da ya bambanta suwici da hob shi ne yana gane mai saƙo. Kowace na'ura da ke shiga hanyar sadarwa tana da lambar shaida ta kanta mai tsawon bit 48, wadda ake kira adireshin MAC. Su kuma bayanai ƙunshi-ƙunshi ake aika su, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Suwici yakan duba adireshin mai aikawa ya rubuta a jadawalinsa cewa na'ura kaza tana ƙofa kaza, ta yadda idan ƙunshi ya zo da adireshinta sai ya miƙa shi ta wannan ƙofa kaɗai. Idan bai san adireshin ba tukuna, ko kuma saƙon shela ce ta kowa da kowa, a nan ne yake aika shi ta dukkan ƙofofi.

Wannan aiki kowane suwici yana yinsa, mai araha da mai tsada, kuma ana samun masu gudu a cikin kowane iri. Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, wadda ke tsara ƙa'idojin fasahar, ta amince da gudun megabit 100 a shekara ta 1995, da na gigabit 1 a kan wayar jan ƙarfe a 1999, sannan na gigabit 10 a 2002. Waɗannan ƙa'idoji ne suka sa na'urar wani kamfani ke iya aiki da ta wani.

Raba gida ɗaki-ɗaki

A kan suwici maras linzami duk na'urar da aka jona tana zaure ɗaya ne da sauran. Kwamfutar akanta, da firinta, da kyamarar tsaro ta bakin ƙofa, da wayar baƙon da ya shiga Wi-Fi na kamfani, dukkansu suna iya kaiwa ga juna, kuma shelar da ɗaya ta yi kowa zai ji.

Babban aikin mai linzami shi ne raba wannan zaure zuwa ɗakuna, tsarin da ake kira VLAN. Injiniya na iya cewa ƙofa ta 1 zuwa ta 8 na sashen kuɗi ne, ta 9 zuwa ta 16 na kyamarori, sauran kuma na baƙi. Duk da cewa akwatin ɗaya ne, kowane rukuni zai kasance tamkar yana da suwicinsa daban. Saƙo ba ya tsallakawa daga wannan ɗaki zuwa wancan sai ta hannun rauta ko katangar tsaro, inda ake tantance wanda aka yarda ya wuce.

Ƙa'idar da ta tsara wannan rabo, mai lamba 802.1Q, ta fito ne a shekara ta 1998. Tana ƙara wata 'yar alama mai bait 4 a jikin ƙunshi, wadda ke ɗauke da lambar ɗakin da ya fito, kuma lambobin da ake iya amfani da su sun kai 4,094. Albarkacin wannan alama, waya guda da ta haɗa suwicin hawa na ɗaya da na hawa na uku za ta iya ɗaukar saƙonnin dukkan ɗakunan ba tare da sun cakuɗe ba. Kazalika ma'aikacin da aka sauya wa ofis zai ci gaba da zama a ɗakin sashensa ba tare da an ja masa sabuwar waya ba.

Abin da ya sami kamfanin Target, ɗaya daga cikin manyan kantunan Amurka, a ƙarshen shekara ta 2013 ya nuna muhimmancin keɓe sassa. Masu kutse sun shiga hanyar sadarwar kamfanin ne da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri, daga nan suka lallaɓa har suka kai ga na'urorin karɓar kuɗi na kantunan, suka kwashe bayanan katunan banki kimanin miliyan 40. Wani rahoto da ma'aikatan kwamitin kasuwanci na majalisar dattawan Amurka suka fitar a watan Maris na shekara ta 2014 ya yi nuni da cewa, bisa ga alamu, kamfanin bai keɓe sassan da ke ɗauke da muhimman bayanai yadda ya kamata ba. Tsarin VLAN shi kaɗai bai isa ya hana irin wannan ta'asa ba, amma da shi ake aza harsashin keɓewar.

Tantance mai shiga

A yawancin ofisoshi akwai ramukan waya a bangon ɗakin taro da na jiran baƙi, kuma kowane rami yana kaiwa ne ga wata ƙofa ta suwici. Idan suwicin maras linzami ne, duk wanda ya zo da kwamfutarsa ya soka waya ya shiga cikin gida ke nan, babu mai tambayarsa.

Mai linzami yana da matakai da dama na toshe wannan kafa. Mafi sauƙi shi ne a kashe duk ƙofar da ba a amfani da ita. Ana kuma iya ƙayyade wa ƙofa adadin na'urorin da za ta karɓa, ko a ɗaure ta da adireshin MAC guda, ta rufe kanta idan ta ga baƙo. Wannan mataki yana da rauni, domin wanda ya san hanya zai iya sauya adireshin kwamfutarsa ya yi shigar burtu.

Mataki mafi ƙarfi shi ne ƙa'idar 802.1X ta shekara ta 2001. A ƙarƙashinta ƙofa takan kasance a rufe har sai na'urar da aka jona ta gabatar da sunan mai amfani da kalmar sirri, ko wata takardar shaida ta lantarki. Suwici zai miƙa shaidar ga wata babbar kwamfuta mai riƙe da rajistar ma'aikata, idan ta amince sai ya buɗe ƙofar ya kuma sa mutumin a ɗakin sashensa, idan ta ƙi sai ya bar shi a waje ko ya tura shi ɗakin baƙi.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi ba da gangan ba. Misalin da injiniyoyi suka fi sani shi ne na ma'aikacin da zai kawo ƙaramar rautarsa daga gida ya jona a ofis domin ya sami Wi-Fi a kusa da teburinsa. Rautar za ta fara raba wa kwamfutocin ofis adireshin intanet na bogi, nan da nan wasu su rasa intanet ba tare da an san dalili ba. Suwici mai linzami ana iya gaya masa ƙofar da aka yarda raba adireshi ya fito daga cikinta, ya yi watsi da duk wanda ya fito daga wata ƙofar.

Wanda ya fi gaggawa ya fara wucewa

Saƙonni sun bambanta wajen jure jinkiri. Idan wasiƙar imel ta makara da daƙiƙa 2 babu wanda zai lura, amma idan murya ta makara da rabin daƙiƙa a lokacin kiran waya sai masu magana su riƙa katse juna. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, mai mazauni a Janeba, ta ba da shawarar cewa jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro kada ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa, muddin ana son hira ta tafi daidai.

Cunkoso yakan taso ne a ƙofar da ke haɗa suwici da sauran ginin, inda saƙonnin kwamfutoci 20 ko 40 ke rububin fita ta waya guda. Idan suka yi yawa sai su yi layi a ma'ajiyar suwici, idan ma'ajiyar ta cika sai a zubar da waɗanda suka zo daga baya. Mai linzami yana da layuka daban-daban a kowace ƙofa, kuma a cikin alamar nan ta 802.1Q an ware bit 3 domin nuna darajar saƙo, abin da ya ba da matakai 8, daga 0 zuwa 7. Da wannan ne injiniya ke sa murya da taron bidiyo a gaba, kwafe manyan fayiloli kuma a baya.

Haka nan ana iya ƙayyade gudun da wata ƙofa ko wani rukuni zai samu, domin kada baƙi masu kallon bidiyo su cinye rabon ma'aikata. A otal-otal da ke raba tashoshin talabijin ta hanyar sadarwa kuwa, suwicin yana lura da ɗakin da ya nemi tasha kaza ya aika masa shi kaɗai, maimakon ya watsa ta ga kowane ɗaki.

Hanyar ko-ta-kwana da haɗarin zobe

Kamfanin da ba ya son aikinsa ya tsaya saboda tsinkewar waya guda yakan ja waya ta biyu tsakanin na'urorin suwici domin ko-ta-kwana. Sai dai a fasahar Ethernet wannan na tattare da haɗari, saboda ƙunshin bayani ba shi da wa'adin da zai daina yawo. Idan hanyoyi suka haɗe suka zama zobe, shela guda za ta yi ta kewayawa tana hayayyafa har ta cika wayoyin cikin 'yan daƙiƙoƙi, komai ya tsaya cik. Ba sai injiniya ya ja waya ba ma ake samun zobe. Ya isa wani ya tsinci bakin waya a ƙasa ya soka shi a ramin bango, alhali ɗaya bakin yana jone da suwicin.

Wata injiniya ta kamfanin DEC mai suna Radia Perlman ce ta samo maganin wannan a shekara ta 1985, kuma IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990. A tsarin nata, wanda ake kira STP, na'urorin suwici kan aika wa juna 'yan gajerun saƙonni duk bayan daƙiƙa 2, su zaɓi ɗaya a matsayin tushe, kowanne ya nemo hanya mafi dacewa zuwa gare shi, sauran hanyoyin kuma a toshe su a ajiye. Idan babbar hanya ta yanke sai a buɗe ta ajiyar. Tsarin farko yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya sauya hanya, amma wanda aka inganta a shekara ta 2001, wato RSTP, ya rage wannan zuwa 'yan daƙiƙoƙi ko ƙasa da haka.

Shi ma tsarin yana da iyaka, kamar yadda aka gani a asibitin Beth Israel Deaconess da ke birnin Boston. A ranar 13 ga watan Nuwamba na shekara ta 2002 hanyar sadarwar asibitin ta durƙushe bayan da kwamfutar wani mai bincike ta antayo bayanai masu ɗimbin yawa. An shafe kimanin kwana 4 tana tashi tana faɗuwa, likitoci da ma'aikatan jinya suka koma rubuta magani da sakamakon gwaji a takarda, ana kai su da ƙafa daga sashe zuwa sashe. Bincike ya nuna cewa an yi shekaru ana ɗora suwici a kan suwici ba tare da sake tsari ba, har wasu sassan suka wuce zango 7 da aka tanadar wa STP. Shugaban sashen fasahar sadarwa na asibitin a lokacin, John Halamka, ya fito fili ya bayyana abin da ya faru domin sauran asibitoci su ɗauki darasi.

Wata dabarar kuma ita ce ɗaure wayoyi 2 ko 4 su zama tamkar hanya guda mai faɗi, bisa ƙa'idar da aka fitar a shekara ta 2000. Idan ɗaya ta tsinke sauran za su ci gaba da ɗaukar kaya. Abin lura shi ne kwafe fayil guda daga wannan kwamfuta zuwa waccan galibi waya ɗaya yake bi, saboda haka amfanin ɗaurin yana fitowa ne a lokacin da mutane da yawa ke aiki tare.

Ganin abin da ke gudana

Idan hanyar sadarwa ta yi nauyi a ofis mai suwici maras linzami, abin da ya rage wa injiniya shi ne ya riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya dace da mai laifin. Mai linzami kuwa yana ƙidaya duk abin da ya ratsa kowace ƙofa: yawan bayanan da suka shiga da waɗanda suka fita, da ƙunshin da suka zo a lalace, da lokacin da ƙofar ta mutu ko ta dawo.

Ana tattara waɗannan alƙaluma ne ta wata ƙa'ida mai suna SNMP, wadda ta fara fitowa a shekara ta 1988. Manhajar sa ido takan riƙa tambayar kowane suwici halin da yake ciki, ta zana jadawali, ta kuma aika wa injiniya gargaɗi a wayarsa idan wata ƙofa ta cika ko na'urar ta yi zafi. Ta haka akan gano wayar da ɓera ya fara ci tun kafin ma'aikata su kawo ƙara. Ana kuma iya umartar suwici ya kwafi duk abin da ke bi ta wata ƙofa zuwa wata, inda aka jona kwamfutar bincike ko na'urar gano masu kutse.

Na'ura guda da ta lalace tana iya durƙusar da dubban mutane. A ranar 11 ga watan Agusta na shekara ta 2007, katin sadarwa na wata kwamfuta guda ya sami matsala a filin jirgin saman Los Angeles, lamarin da ya tsayar da kwamfutocin hukumar kwastan ta Amurka na tsawon sa'o'i, fasinjoji kimanin 17,000 suka maƙale, wasunsu a cikin jirage. Domin irin wannan matsala ne ake sa wa ƙofofin suwici mai linzami ma'auni, ta yadda idan shelar da ke fitowa daga wata ƙofa ta wuce kima sai ya rage ta ko ya rufe ƙofar, ya kuma rubuta lambarta a rajista.

Wuta da bayanai a waya guda

Wayoyin tebur na ofis, da kyamarorin tsaro, da na'urorin Wi-Fi da ake maƙalawa a silin, yawancinsu a yau daga suwici suke samun wuta ta cikin wayar da ke ɗaukar bayanai. Ana kiran fasahar PoE. Ƙa'idar farko ta shekara ta 2003 ta ba da wat 15.4 a kowace ƙofa, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 kuma ta kai har wat 90.

Akwai na'urori marasa linzami da ke ba da wuta, amma mai linzami ne ke ba da ikon sarrafa ta. Idan kyamarar da ke saman ginin ta daskare, injiniya zai kashe wutar ƙofarta ya sake kunnawa daga teburinsa, ba sai an nemo tsani ba. Yana iya tsara cewa Wi-Fi na baƙi ya mutu da dare, ko kuma idan wuta ta yi ƙaranci a fara yanke ta daga na'urorin da ba su da muhimmanci.

Wajibi ne mai saye ya duba jimillar wutar da suwicin ke iya bayarwa. Ƙofofi 24 da kowace ke jan wat 15.4 suna bukatar kimanin wat 370, alhali akwai na'urori masu ƙofofi 24 da jimillarsu ba ta kai haka ba.

A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda ɗaukewar wutar lantarki ta zama ruwan dare, wannan fasaha tana da ƙarin amfani. Batir ko inbata guda da aka ajiye a ɗakin suwici zai riƙe wayoyi da kyamarori na ginin baki ɗaya kafin a tayar da janareta. Wayar jan ƙarfe dai ba ta wuce mita 100, saboda haka tsakanin gini da gini akan yi amfani da wayar faiba, wadda ke tafiyar kilomitoci, kuma da yake ta gilashi ce ba ta ɗauko wutar aradu daga wani gini zuwa wani a lokacin damina.

Yadda ake ba shi umarni

Hanya mafi daɗewa ita ce a jona kwamfuta da suwici a riƙa rubuta masa umarni layi-layi, kuma har yanzu ita ƙwararru suka fi so a manyan kamfanoni. Hanya ta biyu ita ce shafi irin na intanet da ke cikin na'urar, inda ake zaɓen abin da ake so da linzamin kwamfuta. Ta uku ita ce sarrafa na'urori daga nesa ta shafin kamfanin da ya ƙera su, tsarin da ya bunƙasa bayan da Cisco ya sayi kamfanin Meraki a shekara ta 2012. Wannan ya dace da mai rassa a garuruwa da dama, sai dai wasu kamfanonin suna karɓar kuɗin lasisi duk shekara, kuma ya kamata a sa wannan a lissafi tun kafin saye.

Tsakanin mai linzami da maras linzami akwai wani matsakaici, wanda ke da VLAN da fifita saƙonni da shafin sarrafawa, amma ba shi da sauran kayan aikin manya. A sama kuma akwai wanda ke iya yin aikin rauta da kansa, wato ya tsallakar da saƙo daga wannan ɗaki zuwa wancan cikin sauri bisa dokokin da aka ba shi, kuma irinsa ake sawa a tsakiyar babbar hanyar sadarwa. Daga cikin kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori akwai Cisco da Huawei da Aruba da Juniper da Netgear da TP-Link da kuma MikroTik na ƙasar Latbiya.

Abin da ba ya iya yi

Suwici mai linzami ba ya ƙara gudun intanet ɗin da kamfani ya saya daga waje, iyakarsa ya tsara yadda za a raba abin da ke akwai. Haka kuma ba ya maye gurbin katangar tsaro ko manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta.

Mafi muhimmanci shi ne, idan aka fito da shi daga kwali aka jona ba tare da an tsara shi ba, dukkan ƙofofinsa suna ɗaki guda ne, kuma aikinsa kusan daidai yake da na maras linzami. Har ma yana iya zama kafar ɓarna, domin yana da adireshi da kalmar sirri, kuma wanda ya shiga cikinsa ya mallaki hanyar sadarwar baki ɗaya. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka fi samu ita ce kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga masana'anta, wadda kowa zai iya nemowa a littafin bayaninta.

Saboda haka akan shawarci kamfanoni su sauya kalmar sirri tun ranar farko, su keɓe wa sarrafa na'urorin ɗakinsa daban, su kuma rufe tsohuwar hanyar shiga ta Telnet, wadda ke aika kalmar sirri a fili, su koma ga SSH mai ɓoye ta. Haka lamarin yake ga SNMP, inda zubi na 1 da na 2 ke aika kalmar shiga a fili, na 3 kuwa yana iya ɓoye ta. Sabunta manhajar cikin na'urar a kai a kai shi ma wajibi ne, domin masana'antu kan gano kurakurai su fitar da gyara.

Wa ke bukatarsa

Shagon da ke da kwamfutoci 4 da firinta ɗaya, maras linzami ya ishe shi. Bukatar mai linzami takan taso ne idan an sami ɗaya daga cikin waɗannan: baƙi na shiga hanyar sadarwa ɗaya da ma'aikata, ko ana karɓar kuɗi da kati, ko ana riƙe da bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai, ko wayoyin ofis da kyamarori sun hau kan waya ɗaya da kwamfutoci, ko kuma na'urorin suwici sun wuce 2 a ginin.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne kamfani ya lissafa abin da zai rasa idan hanyar sadarwarsa ta tsaya na sa'a guda. A cibiyoyin da ake rubuta jarrabawar JAMB a Najeriya, wadda ta koma ta kwamfuta baki ɗaya tun shekara ta 2015, ɗaruruwan kwamfutoci ne ke jone da juna a zaure guda, kuma waya ɗaya da aka soka a inda bai dace ba tana iya tsayar da ɗalibai baki ɗayansu. Haka abin yake a reshen banki ko ɗakin gwaji na asibiti.

A cikin kuɗin da za a ware kuma dole ne a sa ladan wanda zai tsara na'urar ya kuma riƙa duba ta. Idan ɗan kwangila ne ya yi aikin, ya kamata kamfani ya karɓi abubuwa 3 daga hannunsa kafin a sallame shi: kalmar sirrin shiga kowane suwici, da kwafin tsarin da aka sa masa, da kuma taswirar da ke nuna inda kowace ƙofa ta nufa. Da waɗannan a hannu, idan na'ura ta ƙone za a iya ɗora tsarin a kan sabuwa irinta cikin ɗan lokaci. Idan babu su, sai an sake bin wayoyin ginin ɗaya bayan ɗaya daga farko.